Kundin Kakana Ozell

A Alabama, a ƙarƙashin gadon kakana,
na jawo akwatin da asu ya gama da shi.
Na tarar da kundi, bango ya ɗashe,
da rubutun Ozell Pettibone, siriri kamar sawun kiyashi.

Shi ne magatakarda.
Kwalejoji bakwai na baƙar fata,
daga bakin kogin Tombigbee har jar ƙasar Jojiya.
Da aka ce musu filin can ba naku ba ne,
sai suka ja layi da farar ƙasa a tsohuwar gonar auduga,
suka ce, to, wannan namu ne.

Shafi na huɗu: kuɗin mai, dala shida.
Ƙwallo ɗaya, ta sha ɗinki sau uku.
Alƙalin wasa bai zo ba,
Fasto Gaither ya ajiye Littafi ya busa usur.

Motarsu tsohuwa, suna ce mata Gwaggo Lula,
sai ta yi tari take tashi.
Da dare suke tafiya,
don akwai garuruwan da rana ba ta faɗi kana cikinsu.
Babu masauki, babu gidan abinci da zai ce bismilla,
sai soyayyar kaza a kwalin takalmi
da matan coci suka ɗaure da zare.
Suna kwana kan bencin abokan hamayya,
da safe su ci hatsinsu,
da la'asar su lallasa su,
da magariba a yi musu rakiya har bakin gada.

Shafi na sittin, ya manta shi magatakarda ne.
Ya rubuta: Yau Lucius Tolbert ya tashi sama,
na rantse bai sauko ba sai da na ƙirga uku.
Ba jaridar da ta ɗauka.
In ban rubuta ba, bai faru ba.

Sai doka ta faɗi. Wa zai ƙi murna?
Kakata Vergie ta yi rawa da cokali a hannu.
Manyan jami'o'i suka buɗe ƙofa,
suka zo da motoci masu sanyi,
suka zauna a falon iyaye suna shan shayi.
Kakana da kansa ya raka ɗan Lucius tasha,
ya gyara masa wuyan riga,
ya dawo ya zauna a mota bai kunna ta ba.
Ruwan da aka roƙa shekara ɗari ya sauka,
shi ne kuma ya tafi da katangar gida.

Bakwai ta koma biyar.
Wata ta rufe, kurciyoyi suka gaji ɗakin wasanta,
wata ta bi babbar ƙungiya, ba ta waiwaya ba.
Biyar ta koma uku,
uku kuwa ba gasa ba ce, ziyara ce.

Shafin ƙarshe, rubutu ya fara rawa:
Mun zauna mu uku a ofishin shugaba.
An kawo shawarar rushewa. Ba wanda ya ƙi.
Ba wanda ya tashi kuma.
Saura a asusu, dala goma sha ɗaya da santi arba'in.
Mun sayi kofi. Canjin yana wurina.

Na girgiza akwatin, ga shi kuwa,
santi arba'in a ƙullin hankici.

Kofin gasar yana kan tagar kicin ɗinmu,
uwata na tara maɓallai a ciki.
Jiya ɗana ya tambaye ni wa ya ci shi.
Na goge ƙura da bakin hannun riga,
sunan ya shafe, sai shekara.
Na ce zauna, Thaddeus,
kawo fitila kusa,
mu fara daga shafi na huɗu.